Sam Cooke: Mawaƙin da ya fifita 'yancin baƙar fata a kan kasuwarsa

An haifi Sam Cooke ranar 22 ga Janairu, 1931, a garin Clarksdale na jihar Mississippi da ke kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba baƙar fata da farar fata a makarantu da motocin haya da masaukai. Ya taso a birnin Chicago a gidan mai wa'azin coci, kuma da waƙoƙin addini ya soma. A 1950 ya shiga ƙungiyar Soul Stirrers, sannan a 1957 ya koma waƙoƙin soyayya, inda You Send Me ta zama ta ɗaya a kasuwar fayafayen ƙasar.

Cooke mutum ne mai kan kasuwanci. A lokacin da kamfanoni ke cinye gumin mawaƙa baƙar fata, shi da abokinsa J. W. Alexander suka kafa kamfanin SAR Records, ya kuma riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinsa. Sai dai kaso mai tsoka na cinikinsa a hannun Turawa yake, saboda haka duk waƙar da ta taɓo zancen wariya tana iya rushe abin da ya gina.

Shekarar 1963 ce ta sauya masa tunani. A watan Yuni ɗansa ƙarami Vincent ya nutse a ruwa ya rasu. A watan Oktoba kuma wani otal a Shreveport ta jihar Louisiana ya hana shi da matarsa masauki saboda launin fatarsu. Da ya ɗaga murya, 'yan sanda suka kama shi bisa zargin ta da hankali. Nan ya ga ƙarara cewa suna da dukiya ba su fanshe shi daga wulakanci ba.

A farkon 1964 kamfanin RCA Victor ya fitar da faifansa Ain't That Good News. Akasarin waƙoƙinsa na nishaɗi ne da soyayya, amma a cikinsu akwai A Change Is Gonna Come, wadda ta zayyana gajiyar wanda aka danne da kuma fatansa na samun sauƙi. A watan Fabrairun shekarar, Cooke yana Miami daren da amininsa Cassius Clay, wanda ya zama Muhammad Ali, ya doke Sonny Liston, kuma Malcolm X ma yana wurin. Ranar 2 ga Yuli Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a otal-otal da wuraren jama'a.

Cooke bai daɗe ba bayan haka. Ranar 11 ga Disamba, 1964, manajar wani masauki a Los Angeles ta harbe shi, yana da shekara 33. Masu bincike sun ce kare kanta ta yi, amma danginsa ba su gamsu ba. Kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa aka fitar da waƙar a ƙaramin faifai, masu fafutukar 'yanci suka rungume ta.

Dattawan Dutsin-Ma da Kurfi da suka ga zamanin NEPU sun san yadda waƙa ke isar da kukan talaka inda takardar koke ba ta kaiwa. Irin aikin da faifan Cooke ya yi wa jama'arsa ke nan.