Jackie Robinson: Mai lamba 42 da kakar wasan da ta kuɓuce wa Brooklyn

Da yammacin Laraba 3 ga watan Oktoban 1951, a filin Polo Grounds da ke birnin New York, ƙwallon da Bobby Thomson ya buga ta faɗa cikin 'yan kallo, kakar wasan ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ƙare nan take. 'Yan wasanta suka sunkuyar da kai suka nufi ɗakin sauya tufafi. Mutum ɗaya ne ya rage a wurinsa, hannu a ƙugu, yana bin Thomson da ido don ya tabbatar ya taka kowane zango kamar yadda dokar wasan ta tanada, domin da ya tsallake ko ɗaya da an sami hujjar ƙalubalantar makinsa. Thomson bai tsallake ba. Sai a lokacin Jackie Robinson ya juya ya bar filin.

Ga wanda bai saba da besbol ba, wasa ne na jifa da bugu. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai sanda ya buge ta, sannan ya ruga ya kewaya zango huɗu, in ya dawo inda ya tashi ya ci maki ɗaya. Idan ƙwallon ta tsallake katangar fili, shi da duk abokansa da ke kan zanguna sun ci maki ba tare da gardama ba. Ana yin zagaye tara, in an yi kunnen doki a ci gaba har sai an sami gwani. A zamanin Robinson kowace ƙungiya tana buga wasa 154 daga Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum, shi ya sa gajiyar tsakiyar kaka ke kayar da ƙungiyoyin da aka riga aka ba su kofi da baki.

An haifi Jack Roosevelt Robinson ranar 31 ga Janairun 1919 a ƙauyen Cairo da ke jihar Jojiya, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar na wasu manoma da ke noma gonar wani a raba amfani. Mahaifinsa ya bar gida yana jariri, mahaifiyarsa Mallie ta kwashi yaran zuwa Pasadena a Kalifoniya, ta riƙe su da aikatau. Gidan 'yan tsere ne: yayansa Mack shi ya zo na biyu a gudun mita 200 a gasar Olamfik ta Berlin a 1936, bayan Jesse Owens. Jackie kuwa a jami'ar UCLA ya yi fice a wasanni huɗu, kuma abin mamaki besbol ne wanda ya fi rauni a cikinsu.

Halinsa ya bayyana tun kafin duniya ta san shi. A watan Yulin 1944, yana ƙaramin hafsan soja a sansanin Hood da ke Teksas, direban wata bas ya umarce shi ya koma kujerun baya inda aka saba tura baƙar fata. Ya ƙi. Aka gurfanar da shi gaban kotun soja, aka wanke shi, shekara 11 kafin Rosa Parks ta yi irin wannan tsayuwa a Alabama.

Sharaɗin Branch Rickey

Sama da shekara 60 babu baƙar fata a manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka. Babu wata rubutacciyar doka da ta hana, masu ƙungiyoyin ne suka haɗa baki. Baƙaƙe suna da tasu gasar daban, kuma a can, cikin ƙungiyar Kansas City Monarchs, shugaban Dodgers Branch Rickey ya gano Robinson. Sun gana a ƙarshen Agustan 1945. Rickey ya kafa masa sharaɗi mai nauyi ga mutum irinsa: a shekarun farko, duk zagin da za a yi masa da duk ƙafar da za a taka masa da gangan, ba zai rama ba. Robinson ya amince. Ya yi shekara ɗaya a Montreal ta Kanada, ya auri Rachel Isum, sannan ranar 15 ga Afrilun 1947 ya fito a filin Ebbets cikin rigar Brooklyn.

Ya sha wuya. Wasu abokan wasansa sun rubuta takardar ƙin yin wasa da shi, sai da kocinsu Leo Durocher ya tsawata musu. Kocin Philadelphia Phillies, Ben Chapman, ya jagoranci 'yan wasansa wajen yi masa ashar na wariyar launi. Otel-otel sun hana shi kwana, wasiƙun barazanar kisa suna zuwa. Duk da haka ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa na shekarar, a 1949 kuma gwarzon rukunin National League baki ɗaya.

Daga wannan shekara takunkumin ya sauka. Robinson ya fara jayayya da alƙalan wasa, yana mayar da magana, yana tsokanar abokan hamayya kamar kowa. 'Yan jaridar da suka yabe shi yana shiru suka fara kiransa mai girman kai. Amma wannan shi ne abin da haƙurin shekara biyu ya saya masa: 'yancin ya zama ɗan wasa mai zafin rai kamar sauran, wanda za a auna shi da abin da ya yi a fili.

Tazarar da ta narke

A 1951 Brooklyn ta shiga kaka da ɗacin bara, lokacin da Phillies suka ƙwace mata kambun rukuni a ranar ƙarshe. Rickey ya riga ya bar ƙungiyar, Walter O'Malley ya karɓa, shi kuwa ba ya ga maciji da Robinson. Durocher ma ya koma maƙwabtansu kuma manyan abokan gabarsu, New York Giants, tun 1948, kuma tsakaninsa da Robinson an daɗe ana musayar baƙar magana.

Watanni huɗu na farko komai ya tafi wa Dodgers daidai. A farkon Agusta suka lallasa Giants sau uku a jere, suka bi su da waƙar habaici ta bangon da ya raba ɗakunan sauya tufafinsu. Ranar 11 ga watan suka kwana da tazarar wasa 13. A birnin har an fara lissafin tikitin gasar ƙarshe ta World Series.

Washegari Giants suka fara cin wasa, ba su tsaya ba sai da suka ci 16 a jere. A cikin wasanninsu 44 na ƙarshe sun ci 37. Ana yawan cewa Brooklyn ta rushe, amma alƙaluma ba su nuna haka ba: ta ci 26, aka ci ta 22. Matsakaiciyar ƙungiya ta zama a lokacin da maƙwabciyarta ta daina faɗuwa. Masu jifanta sun gaji, koci Charlie Dressen yana ta maimaita 'yan ƙalilan da ya yarda da su, mai tsaron bayan zangon gida Roy Campanella yana fama da raunuka. A hankali tazarar ta riƙa raguwa a shafukan jarida. Robinson, wanda a kakar yake samun nasara a kusan bugu 34 cikin ɗari, yana cikin waɗanda ba su sassauta ba.

Ranar Lahadi 30 ga Satumba, ranar ƙarshe, ƙungiyoyin biyu suna kankankan. Giants suka ci nasu wasan a Boston da wuri. Dodgers suna Philadelphia, ana cin su 6 da 1, suka farfaɗo har aka yi 8 da 8 aka shiga ƙarin zagaye. A zagaye na 12 Phillies suka cika zanguna uku, Eddie Waitkus ya buga ƙwallo mai ƙarfi ta tsakiyar fili. Da ta wuce, an gama. Robinson ya yi tsalle a miƙe ya cafke ta dab da ƙasa, ya faɗi a kan gwiwar hannunsa har numfashinsa ya ɗauke, ya ɗan jima a kwance. Wasu 'yan Phillies sun shekara suna cewa ƙwallon ta taɓa ƙasa, alƙalin wasa dai ya ce ba ta taɓa ba. A zagaye na 14, duhu na shigowa, mutumin da aka tayar da ƙyar ya buga wa Robin Roberts ƙwallo ta tsallake katanga. Brooklyn ta ci 9 da 8, a gidan ƙungiyar da ta fi kowa zaginsa shekara huɗu da suka wuce.

Wannan ya tilasta wasa uku na raba gardama. Giants suka ci na farko. Dodgers suka rama da 10 da nema, Robinson ne ya buɗe cin. A na uku ma shi ya kawo makin farko, kuma suna gaba da 4 da 1 aka shiga zagaye na tara. Don Newcombe ya gaji, aka kira Ralph Branca, jifansa na biyu Thomson ya aika cikin 'yan kallo. An tashi 5 da 4. Bayan ya gama kallon ƙafafun Thomson, Robinson ya je ɗakin Giants ya taya su murna.

Sai a 2001 jaridar Wall Street Journal ta tabbatar da cewa tun daga watan Yuli Giants suna amfani da madubin hangen nesa a filinsu suna satar alamun da ake ba mai jifa. Robinson bai rayu ya ga wannan rahoto ba. Wani abin da hayaniyar ta rufe shi ne yadda filin ya sauya cikin shekara huɗu: Newcombe da Campanella a ɓangaren Brooklyn, Monte Irvin da Hank Thompson da matashi Willie Mays a ɓangaren Giants, duka baƙar fata, kuma su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin.

Bayan fili

Kofin ya zo sau ɗaya tak, a 1955, lokacin da Dodgers suka doke New York Yankees. A ƙarshen 1956 aka sayar da shi ga Giants, ya zaɓi ya yi ritaya. Ya zama mataimakin shugaban kamfanin gahawa na Chock full o'Nuts, ya tara wa ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP kuɗi, ya taimaka aka kafa bankin Freedom National a unguwar Harlem a 1964. A siyasa bai bi ayari ba: ya goyi bayan Richard Nixon a 1960, ya yi da-na-sani daga baya, ya kuma yi sa-in-sa da Malcolm X a shafukan jarida.

Ciwon sukari ya ci jikinsa da wuri, ya kusa makancewa. A Yunin 1971 babban ɗansa, wanda ya dawo daga yaƙin Biyetnam da jarabar ƙwaya kuma ya yi nasarar rabuwa da ita, ya mutu a haɗarin mota yana da shekara 24. Ranar 15 ga Oktoban 1972 aka karrama Robinson a filin Cincinnati. Ya yi godiya a taƙaice, sannan ya shaida wa masu ƙungiyoyi cewa farin cikinsa ba zai cika ba sai ya ga baƙar fata yana horar da babbar ƙungiya. Kwana tara bayan haka ya rasu a gidansa da ke Stamford, yana da shekara 53. Kocin da ya nema ya fara aiki a Cleveland a 1975, sunansa Frank Robinson, ko da yake ba su da dangantaka. A 1997 aka janye lamba 42 daga dukkan manyan ƙungiyoyi, kuma yanzu ranar 15 ga Afrilun kowace shekara ce kaɗai ake sanya ta, ranar da kowane ɗan wasa ke fitowa da ita a bayansa.