Waliyi Sharl de Fuko: Baƙon Da Ya Zama Ɗan Gari

Ranar 1 ga watan Disamba ce Ikilisiya take tunawa da Waliyi Charles de Foucauld, wanda muke furta sunansa Sharl de Fuko. Bafaranshe ne, ɗan babban gida, wanda ya bar ƙasarsa ya yi shekara 15 a hamadar Sahara, 11 daga cikinsu a tsakanin Buzaye a Tamanrasset, kudancin Aljeriya. Mun ga ya dace mu kawo labarinsa domin baƙunci ba sabon abu ba ne a gare mu. Daga Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, wasu sun tafi cin rani, wasu neman abinci ya ƙetarar da su iyaka, wasu kuwa 'yan bindiga ne suka raba su da gonakinsu. Dukansu suna kwana da tambaya guda: yaya mutum zai zauna cikin mutanen da ba nasa ba?

An haife shi a birnin Strasbourg a 1858. Kafin ya cika shekara 6 ya rasa uwa da uba, kakansa ya rene shi. Da ya tasa sai ya bar bangaskiya, ya shiga soja, ya ɓarnatar da gādonsa a shagali. Aikin soja ya kai shi Aljeriya, daga baya ya zaga ƙasar Maroko a 1883 zuwa 1884. Ganin yadda Musulmi suke tsayar da kome su yi salla ya tayar masa da tunanin Allah. A 1886, a birnin Paris, ya durƙusa ya furta zunubansa ga wani firist, Fada Huvelin. Ya yi shekara 7 a gidan 'yan zuhudu, ya yi shekara 3 a ƙasar Falasɗinu, galibi a Nazarat, yana yi wa wasu sistoci aikin bara. A can ya ƙudura cewa zai yi koyi da zaman da Yesu ya yi a Nazarat, zaman talaka mai aikin hannu a cikin maƙwabta. Aka naɗa shi firist a 1901, ya tafi Beni Abbes a hamada, sa'an nan a 1905 ya sauka Tamanrasset da yardar sarkin Buzayen wurin, Musa ag Amastan.

A lokacin, Tamanrasset ƙauye ne na gidaje kamar 20. Ya gina ɗaki na dutse da laka, dogo siriri, wanda ya zame masa ɗakin sujada, ɗakin karatu da wurin kwana. Abincinsa bai wuce gurasa, dabino da ɗan fate ba. Hatsi yana da wuya a wannan ƙasa, har ayarin Buzayen kan kai gishiri Damargu su musanyo gero. Wasiƙa daga gida kan yi makonni, wani lokaci watanni, kafin ta iso. Ya tsara wa kansa lokutan addu'a da na aiki, amma masu sallama a ƙofa suka riƙa wargaza tsarin: wannan na neman magani, wancan allura, wata kuma hira kawai ta kawo ta. Sannu a hankali ya gane cewa amsa sallamar nan ita ce aikin da ya zo yi.

Babban abin da ya ci lokacinsa shi ne harshe. Bai tsaya ga gaisuwa da ciniki ba. Yakan zauna da tsofaffi da mata yana rubuta waƙoƙinsu da karin maganarsu, har ya tara baiti wajen 6,000. Ya yi fiye da shekara 10 yana haɗa ƙamus na harshensu da Faransanci, wanda aka buga cikin littafi 4 bayan rasuwarsa, masana kuma suna amfani da shi har yau. Ya fahimci cewa wanda bai san abin da ke sa mutane dariya ko kuka ba, bai shiga garinsu ba tukuna.

Gwaji mafi tsanani ya zo masa a ƙarshen 1907. Fari ya daɗe, awaki sun ƙafe, ya rabar da hatsin da ya ajiye. Dokar Ikilisiya ta wancan zamani ba ta yarda firist ya yi Misa ba tare da mai taya shi ba, shi kuwa ba wani Kirista kusa, saboda haka Kirsimatin shekarar ya wuce masa ba Misa. A watan Janairu 1908 ciwo ya kwantar da shi, ya ɗauka ajali ne. Sai Buzayen nan, Musulmi matalauta waɗanda su ma yunwa ke ci, suka bi rugage suna neman akuyar da ta rage da ɗan nono, suka riƙa kawo masa har ya miƙe. Alheri danƙo ne. Kafin wannan rana shi ne mai bayarwa kullum, su kuma masu karɓa. Daga ranar da ya miƙa hannu ya karɓa ne zumunci na gaskiya ya ƙullu a tsakaninsu. A ƙarshen watan kuma izinin yin Misa shi kaɗai ya iso daga Roma.

Ba za mu ɓoye cewa shi ɗan zamaninsa ne ba. Yana da abokai cikin hafsoshin Faransa masu mulkin mallaka, yana kuma ganin mulkinsu zai kawo gyara, ko da yake ya yi ta rubutu yana tsawata musu a kan ƙyale cinikin bayi da zaluntar talakawa. Wannan kusanci ya sa shi cikin hatsari sa'ad da yaƙin duniya na farko ya girgiza hamada. Ranar 1 ga Disamba 1916, a watan da Kawusan ya kewaye Agadas, mahara suka yaudare shi ya buɗe ƙofa, suka ɗaure shi. Yaron da aka bar wa gadinsa ya firgita, ya harbe shi. Yana da shekara 58.

Ga idon duniya bai ci riba ba. Ba Buzu ko ɗaya da ya bi addininsa, ƙungiyar zuhudun da ya tsara kuma ba wanda ya zauna a cikinta. Amma ƙwayar da ta faɗi ƙasa ta tsiro: a 1933 aka kafa Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, a 1939 aka kafa ta mata, masu bin tafarkinsa. Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyai ranar 15 ga Mayu 2022.

To, ga gargaɗinmu ga 'ya'yanmu da ke baƙunci. Ku koyi harshen masu masaukinku, ku ci abincinsu ba tare da raini ba. Ku riƙe addu'arku ko da babu coci kusa. Kada girman kai ya hana ku karɓar taimako daga maƙwabci, Musulmi ne ko Kirista. Mu kuma da muke gida, mu tuna cewa wanda ya gudo daga ƙauyensa ya raɓu da mu yana bukatar fiye da kwanon tuwo. Yana bukatar mu tambayi sunansa, mu nemi shawararsa, mu bar shi ya yi mana wani abu shi ma.

Waliyi Sharl de Fuko, ka yi addu'a domin matafiyanmu da baƙinmu. Amin.