GENE KRUPA (1909–1973): MAKAƊIN DA YA ƊAUKAKA SANDAR KIƊA

Gabatarwa

A darasin ginin kalma an koya mana cewa kalmar makaɗi tana da ma'ana biyu. Idan karin sautin gaɓar tsakiya ya sauka, ana nufin mutumin da yake kiɗa, jam'insa makaɗa. Idan kuwa duk gaɓoɓin suka tashi, ana nufin sandar da ake kiɗa da ita, jam'inta makaɗai. Wannan ne ya sa na zaɓi in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin wani Ba'amurke wanda rayuwarsa ta nuna yadda waɗannan ma'anoni biyu suke tafiya tare. Don guje wa ruɗani, zan riƙa cewa sandar kiɗa idan ina nufin ma'ana ta biyu.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Gene Krupa a birnin Cikago ranar 15 ga Janairu, 1909. Shi ne auta cikin 'ya'ya tara, kuma asalin gidansu daga ƙasar Folan ne. Tun yana yaro ya yi aikace-aikace a wani kantin sayar da kayan kiɗa. An ce ganga ya zaɓa domin ita ce mafi araha cikin kayan da ake sayarwa. Mahaifiyarsa ta so ya zama limamin coci, har ya yi shekara guda a makarantar share fagen wannan aiki a jihar Indiyana, sannan ya dawo ga kiɗa.

A Cikago ya saurari baƙaƙen makaɗan jaz da suka zo daga kudancin Amurka, irin su Baby Dodds da Zutty Singleton, ya kuma ɗauki abubuwa da yawa daga gare su. A ƙarshen 1927 aka fara ɗaukar kiɗansa a faifai, tare da ƙungiyar Red McKenzie da Eddie Condon.

Riƙon sanda

Da ya koma birnin Niyok, Krupa ya yi karatu a wurin Sanford Moeller, malamin da ya nazarci yadda tsofaffin sojoji suke kaɗa ganga. Soja yakan rataya ganga a kafaɗa, sai ta karkace gefe guda. Saboda haka hannun hagu yake riƙe sanda ta ƙasa, tsakanin babban yatsa da manuni, hannun dama kuma ta sama. Haka Krupa ya saba riƙe sandunansa. Darasin Moeller shi ne kada a matse sanda. A sake ta kamar bulala, idan ta bugi fata ta dawo da kanta, sai makaɗi ya yi amfani da wannan dawowar wajen bugu na gaba. Ta haka ake samun sauri ba tare da hannu ya gaji ba. A 1938 Krupa ya fitar da nasa littafin koyar da kiɗan ganga.

Wace sanda, don wane kiɗa?

Sandar makaɗin jaz miƙaƙƙiya ce, ba lanƙwasasshiya ba kamar ta mai kalangu, kuma bibbiyu ake riƙewa. Tsawonta yakan kai kimanin inci 16. An fi yin ta da itacen hikori saboda ƙwarinsa da kuma yadda yake shanye girgiza. Itacen mafil ya fi shi rashin nauyi, na ok kuma ya fi shi nauyi. Akwai lamba da harafi a jikin kowace sanda, kamar 7A da 5A da 5B da 2B. A bisa al'ada, ƙaramar lamba tana nuna sanda mai kauri. Don haka 7A siririya ce, masu kiɗan jaz suna son ta, 2B kuwa mai kauri ce, ta dace da mai neman amo mai ƙarfi. Kan sanda ma yana sauya amo, musamman a kan faifan tagulla. A ƙarshen shekarun 1950 ne Joe Calato ya fito da sanda mai kan nailan, wadda ba ta saurin tsagewa.

Aikin Krupa da Benny Goodman, wanda ya fara a ƙarshen 1934, ya nuna cewa wuri ne yake zaɓa wa makaɗi sanda. A babbar ƙungiya mai kakaki da yawa, sandunan itace yake amfani da su, yana yawan haɗa fata da bakin ganga a bugu ɗaya don amon ya fito sarai. A ƙaramar ƙungiyarsu ta mutum uku da aka kafa a 1935 kuwa, ya fi amfani da buroshin waya, wanda yake shafar fata a hankali don kada ya danne fiyanon Teddy Wilson. Shi Wilson baƙar fata ne, kuma fitowarsu tare gaban jama'a a zamanin wariyar launin fata ba ƙaramin abu ba ne.

A 1937 suka ɗauki kiɗan Sing, Sing, Sing, ranar 16 ga Janairu, 1938 kuma suka kaɗa shi a zauren Carnegie. Wannan kiɗa ya taimaka ƙwarai wajen fito da mai ganga daga bayan fage. A fim ɗin Ball of Fire na 1941, Krupa ya yi kiɗa da tsinken ashana biyu a kan kwalin ashana, abin da ya nuna cewa gwaninta a hannu take.

Jarrabawa da rasuwa

A 1938 ya rabu da Goodman ya kafa tasa ƙungiyar. A 1943 aka kama shi a San Faransisko kan zargin da ya shafi tabar wiwi, ya yi kusan wata uku a kurkuku, ƙungiyar ta watse. Bai karaya ba. Ya yi aiki da Tommy Dorsey, ya sake kafa ƙungiya a 1944, wadda ta kai har 1951. A 1954 shi da Cozy Cole suka buɗe makarantar koyon ganga a Niyok. Ciwon zuciya ya rage masa ƙarfi daga 1960. Ya rasu ranar 16 ga Oktoba, 1973, a garin Yonkas, bayan ya yi fama da sankarar jini.

Kammalawa

A ganina, abin lura a tarihin Krupa shi ne bai raina kayan aikinsa ba. Ya nemi malami ya koyi riƙon sanda bayan har an riga an fara ɗaukar kiɗansa a faifai. Mu masu nazarin waƙar baka mukan mayar da hankali kan baitoci, mu manta da mai kiɗa da abin da yake hannunsa. Ina ba da shawara ga duk wanda zai yi kundin digiri a kan wani makaɗi ya tambaye shi itacen da ake sassaƙa masa sanda da shi, da wanda yake sassaƙawa, da dalilin da ya sa ya fi son ta. Idan ba mu rubuta waɗannan bayanai ba, za su tafi tare da masu su.