Jokichi Takamine: Mutumin da ya mayar da funfuna ma'aikaciya

Matar da ke wanke rigar da man ja ya ɓata a unguwar Ƙofar Rini cikin birnin Sakkwato ba za ta taɓa kawo wa ranta cewa funfuna na iya taya ta aiki ba. Amma da yawa daga cikin garin sabulun wanki na zamani suna ɗauke da wani sinadari mai fasa maiƙo, wanda ake samarwa daga funfuna. Wanda ya share fagen wannan sana'a shi ne Jokichi Takamine, masanin haɗa sinadarai ɗan ƙasar Japan.

An haife shi a garin Takaoka a 1854, ya tashi a Kanazawa. Mahaifinsa likita ne, dangin mahaifiyarsa kuwa masu sarrafa shinkafa ne zuwa barasa ta hanyar amfani da wata funfuna da Japanawa ke kira koji. Ya kammala karatun injiniya a Tokyo a 1879, ya ƙaro ilimi a Gilasgo ta Birtaniya, sannan ya kama aiki a ma'aikatar gona da ciniki. A 1884 gwamnati ta tura shi baje koli a New Orleans ta Amurka, inda ya haɗu da Caroline Hitch, wadda ya aura a 1887. A wannan tsakanin ne ya kafa kamfanin takin zamani a Tokyo.

A 1890 ya koma Amurka da iyalinsa, yana ɗauke da dabara guda: ya gano cewa koji na tsiro da kyau a kan dusar alkama, abin da ba shi da tsada, kuma tana fitar da sinadarin inzayim mai mayar da sitaci sukari. Masu kamfanonin barasa na garin Peoria sun karɓi dabarar, amma masu sana'ar tsirar da hatsi sun ga barazana ga abincinsu, suka yi adawa da shi. Gobara ta cinye wurin aikinsa, cinikin ya wargaje, ciwon hanta kuma ya kwantar da shi.

Faɗuwar nan ce ta juya shi zuwa ga magani. A 1894 ya sami takardar mallakar fasahar tace inzayim daga funfuna, irinta ta farko a Amurka. Kamfanin Parke-Davis ya riƙa sayar da garin da sunan Taka-Diastase ga masu fama da rashin narkewar abinci. A 1901, tare da gudummawar mataimakinsa Keizo Uenaka, ya bayyana tace sinadarin adirinalin, wanda har gobe likitoci ke amfani da shi wajen ceton rai. Ya yi arziki, ya zama shugaban farko na kamfanin Sankyo a 1913, ya kuma taimaka wajen kai kyautar itatuwan ceri kimanin 3,000 daga Tokyo zuwa Washinton a 1912. Ya rasu a New York a 1922.

Inzayim ɗinsa na sitaci ne, amma hanyar da ya buɗe ta kai ga kitse. Yis da funfuna iri-iri suna fitar da inzayim mai suna laifes, wanda ke tsinka maiƙo zuwa ƙananan sassa da ruwan sabulu ke iya kwashewa. A 1988 kamfanin Novo na Denmak ya fitar da Lipolase domin sabulun wanki, kuma cikin funfunar koji ɗin nan ta Takamine aka noma shi. Masana'antun jima na zamani ma suna amfani da laifes wajen cire kitse daga fata, lamarin da ya shafi Sakkwato, mahaifar jar akuya wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya.

Dusa ba ta yankewa a kasuwannin Arewa, kuma akasarinta dabbobi ake ba wa. A kan irinta Takamine ya gina masana'antar da yau ƙasashe ke sayen kayanta da kuɗin waje.