Maria Mayer, Matar Aure da Ta Leƙa Cikin Ƙwayar Zarra

'Yan'uwana mata, ku ji labarin wata Bajamushiya mai suna Maria Goeppert Mayer, wadda aure da reno ba su raba ta da littafi ba.

An haife ta cikin shekarar 1906 a garin Katowis, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Jamus, yanzu kuwa yana ƙasar Polan. Mahaifinta likitan yara ne kuma shaihin malami a jami'ar Gotingen. Nan ta shiga cikin 1924 don karatun lissafi, daga baya ta koma ilmin fiziks, watau binciken yadda abubuwa ke motsi da ƙarfin da ke motsa su. Cikin 1930 ta sami digirin dakta, ta kuma auri wani masani Ba'amurke, Joseph Mayer, suka tare a Amurka.

To, a nan wahala ta soma. Jami'ar da ta ɗauki mijinta tana da dokar hana ba matar malami kujerar koyarwa. Haka ta yi ta aiki shekara da shekaru, wani lokaci da 'yan kuɗi kaɗan, wani lokaci kyauta, ga kuma 'ya'ya biyu tana reno.

Me ta gano? Kowane abu, ko gishirin miyarki ne, haɗuwar ƙwayoyin zarra ne waɗanda ido ba ya gani. A tsakiyar kowace akwai cibiya mai ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyi, furoton da nutron. Ƙarfinsu hawa-hawa ne kamar matakalar bene, watau ko kina kan wannan mataki ko kina kan wancan, babu tsayawa a tsakani. Masana sun lura in adadin furoton ko nutron ya kai 2, 8, 20, 28, 50, 82 ko 126, cibiyar takan yi ƙarko ƙwarai, amma dalilin ya gagare su.

A birnin Shikago, cikin 1949, Maria ta warware matsalar. Ta nuna cewa 'yan ƙwayoyin nan jere suke ɓawo-ɓawo kamar albasa, kuma kowace tana juyawa a kanta kamar katantanwa, sa'an nan tana kewaye. In juyin da kewayen sun fuskanci gefe guda, ƙwayar takan zauna a matakin ƙasa, in sun saɓa sai ta hau na sama. Da ta sa wannan cikin lissafinta, sai ga lambobin nan sun fito daidai: kowace lamba alama ce ɓawo ɗaya ya cika.

Sai cikin 1960, bayan shekara 30 da digirinta, ta sami cikakkiyar kujerar farfesa a San Diyego. Ba a daɗe ba ciwon shanyewar jiki ya same ta, duk da haka ta ci gaba da koyarwa. Cikin 1963 aka ba ta kyautar Nobel tare da Hans Jensen da Eugene Wigner, ta zama mace ta biyu da ta same ta a fannin fiziks bayan Marie Curie. Ta rasu cikin 1972.

Saboda haka ke 'yar makaranta, kada ki guji darasin lissafi don an ce na maza ne. Ke kuma uwargida, in 'yarki ta zauna da littafi, ki rage mata aike, ke ma ki ɗauko naki daga ƙasan akwati.