Alhaji Umaru na Kete Krachi da takardunsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 'Yan'uwa ɗalibai, malamin da muka zaɓo muku a bana shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda wasu ke kira Imam Imoru. An haife shi a Kano wajen shekarar 1858, asalin gidansu kuma Kabi. Mahaifinsa malami ne kuma falke, yana bin hanyar goro zuwa Gwanja, shi ya sa Umaru ya san Salaga tun yana saurayi. Ya yi karatu mai zurfi a ƙasar Hausa, sa'an nan ya dawo Salaga ya zauna yana karantarwa.

A 1892 yaƙin basasa ya watse kasuwar Salaga, fatake da malamai kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan shekaru shi ma ya koma Kete Krachi a bakin kogin Volta, inda ya zama limami. Can ya rasu a 1934, bayan ya sauke farali.

To, abin da ya bambanta shi da malaman zamaninsa shi ne bai bar komai ya wuce ba sai ya sa a takarda. Ya yi waƙa a kan yaƙin Salaga, ya yi a kan zuwan Nasara da Larabci da Hausa, ya yi a kan annobar mura ta 1918, ya yi a kan talauci da wadata. Tun yana matashi ma ya rubuta littafin koyar da rubuta wasiƙa. Ku duba fa, malamin fiƙihu da lugga ne, amma bai raina labarin kasuwa ba.

A lokacin Kete Krachi tana hannun Jamus, jami'insu a garin kuma shi ne Adam Mischlich, mai neman sanin Hausa. Alhaji Umaru ya riƙa rubuta masa da ajami labarin Kano da Katsina da Kabi, da yadda ake noma da saƙa da rini da fatauci, da yadda ake aure da suna. Abin mamaki, mutumin da ya yi kukan zuwan Turawa a waƙa, Bature ne ya kwashi wannan rubutu nasa ya kai Jamus. A ganina bai yi asara ba, don da bai rubuta ba, da yawancin labarin ya bi tsofaffi kabari. Daga waɗannan takardu ne Douglas Ferguson ya fitar da fassarar Ingilishi a 1973, Stanislaw Pilaszewicz na ƙasar Poland kuma ya buga wani sashe a 2000.

Waƙoƙinsa kuwa almajirai ne suka riƙe su, wannan ya kwafa daga wancan, zango zuwa zango. A shekarun 1960 ma'aikatan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon suka bi gidajen malamai suna aron littattafai, su ɗauki hoto su mayar wa masu su. Kwafin rubutun Alhaji Umaru da dama suna can a ajiye. A shekarun nan ne dai aka gama madatsar ruwa ta Akosombo, tafkin Volta ya cika ya shanye tsohon garin Kete Krachi, aka ta da mutane zuwa tudu. Unguwar da ya yi limanci a cikinta yau tana ƙarƙashin ruwa.

Allah ya jiƙan Malam, ya sa Aljanna makoma, amin.