Fritz Haber, Wanda Ya Tatso Taki Daga Iska

Da damina ta gabato, sai da babana ya sayar da rago kafin ya sami buhun takin zamani na gonarmu ta bayan Ƙofar Marusa a nan Katsina. Na yi ta mamakin tsadar abin, har na tambayi malaminmu na kimiyya, shi kuwa ya ba ni labarin wani Bajamushe, Fritz Haber.

An haife shi a Breslau cikin 1868. Ubansa fataucin kayan rini yake yi, amma shi ɗan bai ga kasuwa da idon rahama ba, sai ya bi ilmin sinadarai, ya zama malami a Karlsruhe.

A zamaninsa masana sun san yawancin iskar da muke shaƙa naitirojin ce, abincin shuka, sai dai shuka ba ta iya cinta haka nan. Dole a haɗa ta da haidirojin a sami amoniya. To, a nan gizo ke saƙa. In an bar su da sanyi, haɗuwar tana iya ba da amoniya mai yawa, amma sai mutum ya tsufa yana jira. In an zuga wuta don a yi sauri, sai amoniyar da za a samu ta ragu. Cikin 1909 Haber ya sami mafita: zafi sama da digiri 500, da matsi kusan ninki 200 na iskar waje, da wani ƙarfe mai gaggauta haɗuwar. Carl Bosch ya mayar da dabarar babbar masana'anta a Oppau cikin 1913. Ashe wannan zafi da matsi, da iskar gas da ake tatsar haidirojin daga cikinta, su ragon babana ya biya. Saurin ba kyauta ba ne.

Amma akwai abin da ya sa ban iya yabonsa baki ɗaya. Shi ne ya shugabanci sakin iskar guba kan sojoji a Ypres cikin Afrilu 1915. Kwanaki kaɗan bayan haka matarsa Clara, ita ma masaniya, ta kashe kanta. Duk da haka aka ba shi lambar Nobel ta 1918.

Da Hitila ya hau mulki a 1933, Haber ya bar ƙasar da ya yi wa bauta, domin asalinsa Bayahude ne. Ya mutu a Basel cikin Janairu 1934, yana da shekara 65.